Tayar Motata Ba Ta Sace Ba, Haka Aka Ƙera Ta

Zuwa ga Alhaji Sarkin Masu Faci da Dillalan Taya na garin Gusau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da dukkan mutanenka da ke zaune bakin titi cikin wannan zafi na bazara. Allah ya ba da kasuwa, ya kawo mana damina mai albarka.

Sunana Garba, Garba Mai Yadi ake ce mini. Rumfata tana layin 'yan atamfa a kasuwar Gusau, amma asalina mutumin Bungudu ne. In sunan bai tuna maka kowa ba, motar za ta tuna maka. Ni ne mai jar motar nan gajera mai ƙofa biyu, wadda in ta wuce manya ke ɗaga mini hannu suna nuna ƙasa. Na zo wurinka ba sau ɗaya ba, kullum sai a ce ka tafi Kano sarin kaya. Shi ya sa na kawo maganar jarida, don ta iske ka duk inda kake, ta kuma iske mutanenka, tunda har da su nake.

Ga maganar a taƙaice. Mahaifiyata, Inna, ta ce in sayar da motar nan kafin Babbar Sallah, kuma ka san hukuncin uwa ba a ɗaukaka masa ƙara. Abin da ya jawo hukuncin a inuwar ɗaya daga cikin mutanenka ya faru. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan kuma kwatanta wurin zamansa ba, domin mutumin kirki ne. Kirkin nasa ne ma ya kashe ni. Ka yi haƙuri ka bi ni daki-daki, buƙatuna suna ƙarshe.

Na ɗaya: motar da ake magana a kai

Na saye ta wurin wani Bature injiniya da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Lokacin tana fake ƙarƙashin dogon yaro, kajin mai gadinsa har ƙwai suke yi a kujerar baya. Kowa ya ce na sayi wahala, ni kuwa tun ranar da na zauna cikinta na kama sitiyarin nan na san an gama da ni.

Shekara da shekaru ina yi mata hidima a hankali. Wani bakanike a Kaduna ya sauke injin ya sake ɗaure shi, ya ƙara mata kafireta ta biyu. Aka sa mata salansa mai faɗin baki, wadda in na tayar da ita da safe maƙwabta ke sanin na fito. Aka sauya shokazoba, aka rage mata tsawo har ta kusa lasar ƙasa, aka sa mata rim masu faɗi na alminiyam. Ranka ya daɗe, ni ban shan taba, ban zaman majalisa, goro ma sai an ba ni. Wani tattabaru yake kiwo, wani dambe yake bi gari-gari, ni motar nan ce shagalina. In kasuwa ta ɓata mini rai, sai in hau hanyar Bungudu da yamma in dawo, shi ke nan na warke.

Inna kuwa ba ta taɓa yarda da ita ba. Ranar da na fara kai ta gida, leƙowa ta yi daga zaure, ta dube ta sama da ƙasa, ta juya wajen ƙanena Bello ta ce, "Wagga ai tabarma ce aka sa wa taya." Da Bello ta yi maganar, ba da ni ba, domin ni ne ɗan farinta, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba ragi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" nake, in ta ji daɗi kuma "mai yadi". Ina zaune gabanta za ta tambayi Bello ko wancan ya ci abinci. Ka riƙe wannan, Alhaji, za mu dawo kansa.

Na biyu: yadda na zaɓi tayoyin

Da aka gama aikin inji sai motar ta fi ƙarfin tsofaffin tayoyinta. In na taka ta da ƙarfi sai su yi ta ƙara suna juyawa wuri ɗaya, in na shiga kwana sai bayanta ya nemi wuce gabanta. Bakaniken ya ce mini duk ƙarfin da muka zuba mata ta wuri huɗu yake sauka ƙasa, kowane bai fi tafin hannu ba, saboda haka in je in nemo taya ta gaske. Baturen nan ya bar mini tarin mujallun mota a but ɗin motar, na zauna na yi ta bin su da ɗan Turancina har na gane abin da nake nema.

Ba tayar filin tsere nake nema ba. Waccan robarta laushi gare ta ƙwarai, ga ta kusan sulɓi, kafin ka je Funtuwa ka dawo ta cinye, in kuwa ruwan sama ya same ka da ita sai dai salati. Tayar titi nake nema irin ta motar gudu. Ta zama mai faɗi daidai da rim ɗina, don ta kama kwalta. Gefenta ya zama gajere mai tauri, don kada ta lanƙwashe a kwana. A jikinta akwai harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta ɗauka ba ta yi zafi ta fashe ba, shi ma sai ya dace da motar. Akwai lambar da ke faɗin shekarar da aka ƙera ta, domin roba tana tsufa ko ba ta taɓa hawa titi ba. Zanenta kuma ya zama mai kore ruwa gefe, irin wanda ake yi wa kibiya a jiki don a san inda zai fuskanta. Sannan duka huɗun su zama iri ɗaya, gida ɗaya.

Da wannan ilimi na shiga wurin dillalanka, ina taƙama. Wayyo ni! Na farko ya mirgino mini wata 'yar Kwatano, ya ba ta shuri, ya cusa yatsa cikin zanenta ya ce in dubi haƙora, wannan ko jikokina sai sun gaje ta. Na sunkuya na duba, sai ga hoton ƙanƙara a gefenta. Tayar ƙasashen sanyi ce, wadda aka yi don tafiya kan ƙanƙara, aka kawo ta Gusau inda kwalta ke kama silifas a bazara. Na gaya masa, ya ce ai ya fi, tunda ta saba da sanyi ba za ta yi zafi ba. Na biyu ya tara mini huɗu, kowace daga gidanta, ɗaya ma ta girmi sauran nesa ba kusa ba. Da na yi magana ya ce Alhaji, duk baƙaƙe ne, duk kuma zagayayyu ne, me ya rage? Na uku dai gaskiya ya faɗa mini, ya ce irin wannan ba a kawo ta nan, don ba mai tambaya. Allah ya yi masa albarka, shi ya haɗa ni da wani a Kano da ya sa aka taho mini da sababbi daga Legas.

Ranar da suka iso, a ɗaki na kwana da su, uwargida tana ta mita wai warin roba ya hana ta numfashi. Wajen ɗaurawa ma sai da na tsaya a kai. Mai facin da na kai wa ya ɗauko guduma zai hau rim ɗin alminiyam kamar wilin tirela, na riƙe hannunsa. Ya ɗaura biyu kibiyarsu na kallon baya, na sa ya kwance, yana ta gunaguni wai taya ba ta san gabas da yamma ba. Daga nan na sayi gejin iska nawa na kaina, na ajiye shi a aljihun mota. Ranar da na fara gwada su a hanyar Bungudu, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a mota. In na juya sitiyari ta juya, in na taka birki ta tsaya cak, ba gardama.

Na uku: jama'ar Annabi da tayata

Abin da mujallun Bature ba su gaya mini ba shi ne, taya mai gajeren gefe a idon mutanenmu taya ce da ta sace. Mun saba da tayar a-kori-kura da ta bas, masu ƙiba kamar an cusa musu tuwo. Duk wanda ya ga tawa sai tausayi ya kama shi.

'Yan kabu-kabu su biyo ni da hon suna nuna ƙasa. Mai sayar da rake ya bar baronsa ya rugo. Wani ɗan sanda a shingen hanya ya tsayar da ni, na fara laluben takardu, ashe shi ma gaya mini zai yi tayata ta sace, har huɗu. Ran wata Juma'a na fito masallaci na tarar da dattawa sun kewaye motar suna jajanta wa juna, ɗaya ya ce wannan aikin maƙiya ne, an bi an sassace masa. Tun ina bayani har na gaji, na koma cewa na gode, haka take. Ban taɓa jin haushinsu ba, domin ƙauna ce ta sa, kuma baki kawai suke sawa, ba sa taɓawa. Mutanenka ne masu famfo a hannu.

Na huɗu: ranar da muka nufi Tsafe

Ƙanwar Inna da ke aure a Tsafe ta samu jika, aka sa ranar suna. Ka san halin da ake ciki na wahalar mai, tasha ba mota, wadda ta samu kuma an cusa mutane kamar buhunan gero. Sai ga Bello a rumfata da saƙo: Inna ta ce in wancan zai je suna, ya biyo ta Bungudu. Ranka ya daɗe, na sa ya maimaita. Shekarun nan duka ba ta taɓa ko jingina da motar ba, yau ita ce za ta shiga!

Na sayi mai wurin 'yan bumburutu ban ko yi ciniki ba. Na wanke mota da hannuna, na fesa turare. Da safe kafin rana ta yi zafi na bi tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya da geji, kowace daidai yadda aka rubuta. Na isa Bungudu da hantsi. Inna ta fito da lulluɓinta da ƙwaryar man shanu da za ta kai gudummawa, ta yi bisimilla ta sunkuya ta shiga, ta zauna tana kallon gefe. Na ja mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kafin mu shigo Gusau na ga ta saki ƙofar da ta riƙe, har tana leƙen gonaki. Ni dai zuciyata fari ƙal.

A Gusau na tsaya in ɗauko turmin atamfa a rumfa, na mai jego. Don kada rana ta dami Inna, sai na faka a inuwar wata bishiya inda mutuminka yake sana'arsa, na sauke mata gilashi, na ce yanzu zan dawo. To, ka san kasuwa. Wannan ya gaishe ka, wancan ya riƙe ka da ciniki, na ɗan jima. Da na dawo mai facin ya taso da fara'a har yana ɗaga mini hannu biyu, ya ce a sauka lafiya Alhaji, Allah ya kiyaye hanya. Na ce amin, na ce a raina kai, mutanen Sarkin Faci akwai ladabi.

Muna fita gari na ji motar ta sauya. Sitiyari ya yi sakwaf, kowane ɗan tsakuwa sai na ji shi a ƙugu, mota na tsalle kamar ɗan akuya. Na ce ko zafin kwalta ne, don rana ta take sosai. Na so in tsaya in duba, sai na tuna in Inna ta ga na fita ina zagaya mota za ta ce ga shi nan, dama ta faɗa. Na rage gudu na ci gaba.

Dab da duwatsun Kwatarkwashi akwai wani rami mai kaifin baki a gefenmu. Na san shi, kullum kauce masa nake. Ranar sai ga babbar mota ta taho ta cinye rabin hanya, ba inda zan kauce. Na taka birki, muka faɗa a hankali, irin faɗawar da tayoyin nan suka sha shanyewa. Sai ji na yi tau! kamar bindigar maharba. Ta gaba ta fashe nan take, ta baya ta tsage a gefe, mota ta ja mu muka gangara cikin wata gona da ba a kai ga shuka ba, muka tsaya kan kunya. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Man shanu dai ya tafi, rabi a cinyar Inna rabi a gilashi.

Ta buɗe ƙofa da kanta ta fita, ta kakkaɓe zane, ta gama salatinta. Ba ta dube ni ba. Duwatsun ta kalla ta ce, "Wagga ba mota ba ce, ajali ne aka shafa wa jan fenti."

Safaya ɗaya gare ni, tayoyi biyu sun mutu. Wata a-kori-kura ta mutanen 'Yankuzo ta tsaya, direban ya sauko da wani daga gaba ya ba Inna wuri, Allah ya saka masa. Haka uwata ta tafi suna, tana ƙamshin man shanu, awaki na kuka a bayanta, ni kuma ina tsaye a gonar mutane da turmin atamfa a hannu. An ce ta isa mata sun fara watsewa. Washegari Bello ya kawo hukunci: a gaya wa wancan ya rabu da motar nan kafin Babbar Sallah.

Na biyar: abin da na tarar

Tun a gonar na ɗauko geji na gwada biyun da suka tsira. Allurar ta tashi kamar za ta fita daga gidanta. Iskar da ke ciki ta kusa ninka wadda na sa da safe, ga zafin kwalta ya ƙara mata. Tayar da aka cika haka ba ta da sauran laushin da za ta shanye rami, dutse ce kawai ke jiran abin da zai fasa ta. Ban yi dogon tunani ba na san inda aka yi mini wannan aiki.

Da na samu aka jawo motar gida, na nufi inuwar nan raina a ɓace, na shirya maganganu masu zafi tun daga gida. Mutuminka ya tarbe ni da murna, ya ba ni benci, ya tambayi lafiyar Hajiya, wato Inna. Kafin in buɗe baki ya fara ba ni labari yana alfahari. Ya ce ina shiga kasuwa Hajiya ta leƙo ta yafuto shi, ta ce, "Malam, zo ka duba mani. Tayun ɗana duk sun sace, ga shi za mu Tsafe, shi bai lura ba, hankalinshi na kasuwa. Ka cika mashi su da kyau." Ya ce shi ma da ya duba ya ga lallai sun kwanta. Ya jawo famfo ya yi ta bugawa, yana ƙwanƙwasa su da guntun ƙarfe yana saurare, yadda kuke yi. Ƙarfe ya ce sun cika, ido ya ce ba su cika ba, sai ya bi ido ya ƙara. Ya ce har gumi ya jiƙa masa riga, amma tayoyin nan taurin kai gare su, sun ƙi tashi. Hajiya ta kwance bakin zanenta ta biya shi, ta ce kada ya gaya mini.

Ranka ya daɗe, duk maganganun da na shirya suka bi iska. Na ce masa tayoyin sun fashe a hanya. Ya yi salati ya ce ka gani ko, Alhaji, ai da ma ya ga alamar ba su da ƙwari.

A nan kukana yake. Inna ba ta san taya ba, ba sana'arta ba ce, abin da idonta ya nuna mata ta faɗa. Shi kuwa da wannan yake ci da iyalinsa. Mutum ya shekara yana ba taya iska, ba shi da geji, sai guntun ƙarfe da kunne! Ƙarfen nan da shi yake auna tayar tirela, da shi yake auna ta amalanke, da shi ya auna tawa. Ga adadin iskar a rubuce a jikin ƙofar mota, bai duba ba. Ga mai mota ya shiga kasuwa yanzu zai fito, bai jira ba. Da a ce gudu nake irin wanda na saba in ni kaɗai ne, da yanzu wani ke ba ka wannan labari.

Abin dariya, abin kuka, yanzu duk Bungudu an san labarin yadda Inna ke faɗinsa. Duk wadda ta zo yi mata barka da arziki sai ta gaya mata cewa Allah ne ya sa ta lura tayun sun sace ta sa aka ƙara iska, da ba don haka ba da yanzu ana zaman makoki. Mata na ta sa mata albarka.

Buƙatuna

Ta farko, ka sa doka duk mai faci da ke ƙarƙashinka ya mallaki geji, ya kuma koyi karanta shi. Bai kai kuɗin famfo ba. Guntun ƙarfen nan a bar shi wajen ɓalle taya daga wili, nan ne aikinsa.

Ta biyu, kada a ƙara taɓa tayar mutum ba ya wurin. Ko wa ya sa, ko da uwarsa ce, a ce mata to Hajiya, bari ya zo. Wannan ba rashin ladabi ba ne.

Ta uku ta dillalai ce. Su ware tayoyin ƙanƙara gefe, su daina sayar wa bayin Allah da sunan masu haƙora. Direbobin haya da ke ɗaukar rayuka zuwa Tsafe da Bungudu su suka fi sayensu saboda araha. Masu ɗaurawa kuma su riƙa duba kibiya.

Akwai ta huɗu, ita ce ma ta sa na yi ta sintiri wurinka, ita ta sa na ɗauki alƙalami. Na so in roƙe ka, kai da kake dattijo mai rawani, ka taka har Bungudu ka gaida Inna, ka gaya mata motar ba ta da laifi, mutuminka ne ya cika iska fiye da kima. Na tabbata za ta ji maganarka, ta janye. Amma da na zo nan a rubutu sai na tsaya na auna. Duk yadda ka juya maganar, Inna ba yarinya ba ce. Kana cewa iska ta yi yawa za ta tuna wanda ya sa aka ƙara. Za ta gane hannunta ne ya kusa kashe ɗanta, kuma irin su Inna ba sa faɗin irin wannan ciwo, haɗiye shi suke yi har ya cinye su.

Na haura shekara arba'in a duniya, Alhaji. Ban taɓa jin matar nan ta ce "ɗana" ba sai a bakin mai facinka. Ashe tana faɗi, in ba na wurin. Ashe tana duban tayata. Ta kwance bakin zanenta saboda ni, ta kuma ce kada a gaya mini. Wallahi na yi kuka a kan bencin nan, mutuminka yana ta ba ni haƙuri, yana tsammani tayoyin nake yi wa.

Saboda haka na janye ta huɗu. Kada ka je. Na fi son Inna ta ci gaba da ba mata labarin yadda ta cece mu. Na sa an kawo sababbin tayoyi biyu irin na da, na ɗaura, kuma na yi magana da wani ma'aikacin banki a Funtuwa da ya daɗe yana naci, zai zo ya ɗauki motar kafin Sallah. Zan sayi mota mai ƙofa huɗu da tayoyi masu ƙiba, irin wadda Inna za ta shiga ba sai ta sunkuya ba. Ina son motar nan, ba zan ɓoye ba, ranar da za ta tafi ba na jin zan fito kasuwa.

Kai kuma Bello, na san kana sayen jarida. In ka karanta wannan, ka ninke ta ka bar ta a Gusau. Haka duk wani ɗan Bungudu da ya iya boko, na haɗa ku da Allah, kada wanda ya kai wa Inna.

Abin da ya rage kaɗan ne, ranka ya daɗe. In mutanenka sun ga jar motar nan ta shigo gari da sabon mai ita, ta faka a inuwarsu, su yi mata kallo kawai su bar ta. Ba ta sace ba, haka aka ƙera ta.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ya sa albarka a sana'arku. Shi ma mutumin naka na yafe masa, Allah ya hore masa geji. Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya bar mana iyayenmu, ya sa mu rabu da su lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba Mai Yadi,
Layin 'yan atamfa, Gusau.